Jagora: Yadda Za Ka Zaɓi Ƙa'idar VPN ga Ma'aikatan da Ke Shiga Sabar Daga Nesa

Tambaya guda ce ke yawan zuwa mini daga masu kula da kwamfutocin ma'aikatu da ƙananan kamfanoni, ko da yake kowa da irin lafazinsa: muna da sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu, muna da ma'aikatan da ke aiki daga gida ko daga kan hanya, wace ƙa'idar VPN, wato rufaffen bututun da ke haɗa na'urar ma'aikaci da sabar ta cikin intanet, za mu ɗora musu? Galibinsu da amsa a baki suke zuwa, domin sun karanta a wani wuri cewa wannan ta fi sauri ko waccan ta fi tsaro, albarka kawai suke so in sa musu. Abin da nake gaya musu shi ne su fara ajiye maganar sauri a gefe. Zaɓin yana farawa ne daga mutanen da za su yi amfani da abin, wato irin na'urorin da ke hannunsu, da irin intanet ɗin da suke hawa, da kuma yadda za ka rufe wa mutum ƙofa a ranar da ya bar aiki ko aka sace masa kwamfuta. Wanda ya amsa waɗannan ukun, zai tarar cewa ƙa'idar ta kusa zaɓar kanta. Ga matakan a jere, kuma jerin yana da muhimmanci.

1. Ƙidaya mutane da na'urorinsu

Ka buɗe takarda ka rubuta sunan kowane mutum da zai shiga, da kowace na'ura da zai shiga da ita, da babbar manhajar da ke kanta da sigarta: Windows, macOS, Linux, Android ko iOS. A gaban kowace na'ura ka rubuta ko ta ma'aikata ce ko ta mutum ce ta kansa, sannan ko kana da ikon ɗora mata sabuwar manhaja. Wannan layin na ƙarshe shi ne ya fi nauyi, domin a cikin ƙa'idojin da za mu auna, WireGuard da OpenVPN suna buƙatar a girka manhaja a kan yawancin na'urori, alhali IKEv2 tana cikin Windows tun daga Windows 7, tana cikin macOS da iOS, kuma Android ya shigo da ita tun daga siga ta 11.

Sannan ka rubuta abin da kowa zai je yi a cikin sabar. Mai buɗe manhajar lissafin kuɗi ta burauza ba ɗaya yake da mai jawo manyan fayiloli ba, haka nan mai sarrafa kwamfutar ofis daga nesa ta RDP jinkiri ne yake cutar da shi, ba ƙarancin faɗin layi ba. Ka kuma ƙiyasta mutum nawa ne za su kasance a ciki a lokaci guda, ba jimillar ma'aikata ba, saboda da wannan adadin ne za ka yi lissafin kuɗi a mataki na 7.

Gargaɗi: kada ka yi wannan ƙidayar daga kanka. Ka tambayi mutanen ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne za ka gano mai tsohuwar waya da ta daina karɓar sabuntawa, da wanda rabin aikinsa a otal da filin jirgi yake yin sa.

2. Tabbatar ana iya isa ga sabar daga waje

Kowace ƙa'ida ka zaɓa, sai na'urar ma'aikaci ta iya ƙwanƙwasa ƙofar sabar daga intanet. Ka shiga shafin sarrafa rautar da sabar ke bayanta, ka duba adireshin IP ɗin da kamfanin intanet ya ba ta, sannan ka kwatanta shi da adireshin da shafukan duba IP ke nuna maka. Idan sun yi daidai, kana da adireshin bayyane. Idan sun bambanta, musamman idan na rautar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kamfanin ya haɗa ka da wasu kwastomomi a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT, kuma duk ƙofar da ka buɗe a rautarka babu wanda zai gan ta daga waje.

Mafita uku ce. Ko ka nemi kamfanin ya ba ka adireshin bayyane, wanda galibi ake biyan ƙarin kuɗi a kansa duk wata. Ko ka yi hayar ƙaramar sabar a gajimare wadda za ta zama mahaɗa, sabar ofis ta haɗu da ita, ma'aikata ma su haɗu da ita. Ko kuma ka yi amfani da tsarin da ke ratsa irin wannan shingen da kansa, kamar Tailscale ko NetBird, waɗanda duka a kan WireGuard aka gina su. Idan adireshin naka na bayyane ne amma yana sauyawa, ka yi rajistar suna mai bin adireshin duk inda ya koma, ka ba ma'aikata sunan maimakon lambar.

Gargaɗi: wasu kan gaji a nan su ce bari kawai su buɗe ƙofar RDP, wato mai lamba 3389, ko ta raba fayiloli, wato mai lamba 445, kai tsaye ga intanet, da niyyar za su gyara daga baya. Kada ka yi haka ko na kwana ɗaya. Waɗannan ƙofofin suna cikin waɗanda masu kutse ke lalube dare da rana, kuma ta nan ne manhajojin garkuwa da bayanai suka shiga ma'aikatu da dama.

3. Fitar da waɗanda zamaninsu ya wuce

PPTP ba ta cikin zaɓi. Tun a 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a bainar jama'a cewa hanyar tantancewar da take dogaro da ita, MS-CHAPv2, ana iya fasa ta ta hanyar gano mabuɗin DES guda ɗaya tak. Apple ya cire ta daga iOS 10 da macOS Sierra a 2016. Har yanzu za ka gan ta a shafin tsofaffin rautoci, tana da sauƙin kunnawa, kuma wannan sauƙin ne ke jan mutane. Ka wuce ta.

L2TP da ake haɗawa da IPsec ba a fasa ta irin haka ba, amma ba na ba kowa shawarar fara sabon aiki da ita. Yawancin masu kafa ta suna amfani da mabuɗin sirri guda da kowa ya sani, wanda da zarar ya fita daga bakin mutum ɗaya sai an sauya wa kowa. Idan sabar tana bayan rauta, Windows ba zai haɗu ba sai an shiga rajistarsa an ƙara AssumeUDPEncapsulationContextOnSendRule da lamba 2 a kowace kwamfuta. Sababbin wayoyin Android sun daina ba da damar ƙirƙirar ta tun daga siga ta 12, kuma a Oktoban 2024 Microsoft ya sanar da cewa zai janye PPTP da L2TP daga Windows Server na gaba, ya ce a koma IKEv2 da SSTP. Idan ka gaji tsarin L2TP da ke aiki, ka bar shi yana aiki yayin da kake gina magajinsa, amma ka sa ranar kashe shi.

4. Auna waɗanda suka rage

WireGuard, wadda Jason Donenfeld ya rubuta kuma ta shiga cikin ƙwaryar Linux a siga ta 5.6 a Maris ɗin 2020, ita ce mafi sauƙin kafawa da fahimta. Fayil ɗin saitinta bai cika wuce layi goma sha biyar ba. Ba ta ba ka damar zaɓen hanyar rufa bayanai, ta riga ta zaɓa maka Curve25519 da ChaCha20-Poly1305, kuma wannan alheri ne, domin babu inda za ka yi kuskuren zaɓen mai rauni. Tana haɗuwa nan take, tana jure sauyawa daga Wi-Fi zuwa datar waya ba tare da mai amfani ya lura ba, kuma ba ta amsa wa duk wanda bai zo da mabuɗin da ta sani ba, don haka mai lalube daga waje ba zai ma san akwai ta ba. Rauninta biyu ne. Na farko, a cikin manyan hanyoyi biyu na aika bayanai a intanet, UDP da TCP, ta UDP kaɗai take tafiya, bisa al'ada a ƙofa ta 51820, saboda haka duk inda aka toshe UDP ta tsaya. Na biyu, ba ta san sunan mutum ko kalmar sirri ba, mabuɗin na'ura kawai ta sani, kuma ba ta raba adireshi da kanta, kai ne za ka rubuta wa kowace na'ura nata da hannu.

IKEv2 ita ce ta ma'aikatar da ba ta son girka komai a na'urorin mutane, ko wadda ta riga ta mallaki Active Directory, kundin asusun ma'aikata na Microsoft, da tsarin tura saiti ga kwamfutoci daga wuri guda. Tana amfani da ƙofofin UDP 500 da 4500, tana da ƙarin da ake kira MOBIKE wanda ke riƙe haɗin idan adireshin na'ura ya sauya, kuma tana karɓar takardar shaida ta lantarki ko suna da kalmar sirri ta hanyar RADIUS, wato tsarin da ke tantance asusun masu shiga. A kan Linux ana kafa ta da strongSwan ko Libreswan, a kan Windows Server kuma da RRAS, sashensa na karɓar masu shiga daga nesa. Wahalarta a ranar kafawa take. Sunan sabar da ma'aikaci zai rubuta dole ya yi daidai harafi da harafi da sunan da ke cikin takardar shaidar sabar, kuma idan kai ka ƙirƙiri hukumar ba da shaidar da kanka, sai ka ɗora tushenta a kowace na'ura. Idan abu ya ƙi, saƙon kuskuren da na'urar ke nunawa ba ya cika faɗin komai, sai ka koma kundin aikin sabar ka karanta.

Gargaɗi: Windows, idan aka bar shi da saitinsa na asali, yana gabatar da tsohon rukunin musayar mabuɗi mai bit 1024. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sassauta sabar domin ta karɓe shi. Abin da ya dace shi ne a ɗaga Windows ɗin da umarnin Set-VpnConnectionIPsecConfiguration na PowerShell, a bar sabar da ƙarfinta.

OpenVPN, wadda James Yonan ya fara fitarwa a 2001, ita ce mai shiga inda sauran suka kasa. Asalin ƙofarta UDP 1194 ce, amma za a iya ɗora ta a kan TCP 443, ƙofar da shafukan intanet masu tsaro ke bi, wadda da wuya otal ko filin jirgi ko ofishin baƙi ya toshe ta. Tana karɓar takardar shaida da kalmar sirri da lambar tabbatarwa ta biyu a tare, tana raba adireshi da kanta, tana tura wa na'urori hanyoyi da saitin DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi. A da ana kuka da nauyinta, amma siga ta 2.6 da ta fito a 2023 ta zo da DCO, wanda ya mayar da aikin rufa bayanai cikin ƙwaryar babbar manhaja ya rage tazarar sosai. Farashinta shi ne yawan zaɓuɓɓuka, kuma intanet cike yake da tsofaffin misalan saiti da mutane ke kwafa ido rufe.

Gargaɗi: idan ka ga comp-lzo ko wani umarnin matse bayanai a misalin da ka samo, ka goge shi, domin harin VORACLE da aka bayyana a 2018 ta wannan matsewar yake tsinto sirri. Sannan kada ka mayar da TCP hanyar yau da kullum. Idan layi ya fara zubar da ƙunshin bayanai, TCP ɗin waje da na cikin bututun kowanne zai shiga sake aikawa, su taru su shaƙe layin. TCP 443 ƙofar baya ce ta ranar da UDP ya ƙi.

SSTP ta Microsoft ce, ita ma ta TCP 443 take bi, kuma tana cikin Windows tun daga Vista SP1. Idan duk na'urorinka Windows ne kuma sabar RRAS ce, ita ce abokiyar IKEv2 ta ranar toshewa. A wajen Windows ba ta da gata sosai.

Hukuncina, bayan duk wannan, ga shi. Mutanen da ba su wuce ashirin ko talatin ba, waɗanda kake iya taɓa na'urorinsu, ka ba su WireGuard. Ma'aikata mai Active Directory da kwamfutocin da take sarrafawa, IKEv2 tare da SSTP a gefe. Mutane masu yawan tafiya, ko na'urori iri-iri da ba naka ba, ko buƙatar kalmar sirri da lamba ta biyu ba tare da ƙarin wani tsari ba, OpenVPN a kan UDP tare da ta biyu a kan TCP 443. Ba laifi ba ne a gudanar da ƙa'idoji biyu a sabar guda, matuƙar ka san wacce ce babba wacce ce ta ko-ta-kwana.

5. Yanke yadda za ka shigar da mutum da yadda za ka fitar da shi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake iya rushe hukuncin da ka yanke a mataki na 4, don haka ka yi shi kafin ka girka komai. Tun ran gini ran zane.

Dokar farko: kowace na'ura da mabuɗinta ko takardar shaidarta, ba a raba ɗaya tsakanin mutum biyu, ba a ma raba ɗaya tsakanin waya da kwamfutar mutum guda. A WireGuard, idan na'urori biyu suka hau mabuɗi ɗaya, sabar za ta riƙa mayar da amsa ga wadda ta yi magana a ƙarshe, sai kowannensu ya riƙa yankewa yana dawowa, ka kwana kana neman matsalar a layi alhali ba a can take ba. A OpenVPN akwai umarnin duplicate-cn da ke halatta irin wannan rabon, kuma ka guje shi, domin ranar da ɗaya daga cikin masu takardar ya tafi, soke ta zai fitar da kowa.

Sai ka tambayi kanka: idan aka kira ni yanzu aka ce an sace kwamfutar wane, minti nawa zan ɗauka in rufe ta? A WireGuard, goge sashen na'urar daga fayil ɗin sabar ne da sake loda saitin, abin da ba zai yiwu cikin sauri ba sai ka rubuta sunan mai na'urar a saman kowane sashe tun ranar da ka ƙirƙire shi, domin mabuɗan ba su da suna, jerin haruffa ne masu kama da juna. A OpenVPN da IKEv2, soke takardar shaida ne da sabunta jerin sokakkun takardu. Inda akwai RADIUS ko Active Directory, kashe asusun mutum ya wadatar, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa manyan ma'aikatu ke jure wahalar kafa su.

Ka tuna kuma cewa mabuɗin WireGuard yana zaune ne a cikin na'urar, duk wanda ya buɗe ta ya shiga. Idan bayanan da ke sabar na kuɗi ne ko na lafiyar mutane, ko doka ta wajabta tabbatarwa ta mataki biyu, WireGuard tsurarta ba ta isa ba. Ko ka ɗora mata tsarin da ke haɗa ta da asusun ma'aikata, irin su Tailscale ko NetBird, ko ka koma OpenVPN ko IKEv2.

Gargaɗi: jerin sokakkun takardu shi ma yana da wa'adi. Easy-RSA, kayan aikin da aka fi ƙirƙirar takardun OpenVPN da shi, yana ba jerin kwana 180 idan ba a sauya ba, kuma idan ya ƙare sabar tana ƙin kowa, har da masu takardu lafiyayyu. Na taɓa tsayawa a kan wani ƙaramin ofis da safiyar Litinin, mutum goma sha ɗaya duk sun kasa shiga, mai kula da tsarin ya sake kunna rauta sau uku, ya kira kamfanin intanet, hannunsa na rawa a kan linzami saboda ranar biyan albashi ce. Da muka buɗe kundin aikin sabar, layi ɗaya ne ke ta maimaituwa yana cewa wa'adin jerin ya ƙare. Umarni ɗaya, easyrsa gen-crl, da kwafe sabon fayil ɗin zuwa wurinsa, shi ke nan aka koma aiki, bayan an yi asarar awa uku.

6. Tsara adireshi da abin da zai bi ta bututu

Yawancin rautocin gida suna raba adireshin 192.168.0.0/24 ko 192.168.1.0/24. Idan cibiyar ofis ma a kan ɗaya daga cikinsu take, kwamfutar ma'aikaci za ta ɗauka sabar tana cikin gidansa, ta nemi ta a can ta rasa, alhali VPN ɗin yana nuna ya haɗu. Ka zaɓa wa ofis da bututun zangon da ba a saba gani ba, misali 10.47.12.0/24 ga ofis da 10.47.13.0/24 ga masu shigowa. Sauya adireshin ofis aiki ne na yini guda mai gajiyarwa, amma ya fi bin gidan kowane ma'aikaci ana sauya rautarsa.

Daga nan ka yanke ko duk zirga-zirgar intanet ɗin ma'aikaci za ta bi ta ofis, ko kuwa abin da ya nufi sabar kaɗai. A WireGuard layin AllowedIPs na ɓangaren na'ura ne ke yanke wannan: 0.0.0.0/0 yana tura komai, zangon ofis kaɗai yana tura abin da ya shafi ofis. Tura komai yana kare mai aiki a Wi-Fi ɗin jama'a kuma yana ba ka ikon tacewa, amma kowane bidiyo da taron kiran da ya shiga sai ya ci daga layin ofis. Idan manufarka isa ga sabar ce kawai, ka tura zangon ofis kaɗai.

Abubuwa uku ƙanana da ke hana mutane barci a nan: kunna tura ƙunshi a sabar Linux da net.ipv4.ip_forward=1; ba na'urori adireshin DNS na cikin gida domin su gane sunayen sabar; da sa PersistentKeepalive = 25 a na'urorin WireGuard da ke bayan rauta idan ana son a iya isa gare su daga ofis.

Gargaɗi: shiga bututu bai kamata ya zama shiga ko'ina ba. Ka kafa dokokin katangar tsaro da za su bar kowane rukuni ya isa ga sabar da ƙofar da aikinsa ke buƙata kaɗai, domin kwamfutar gida da ta kamu da cuta za ta bi duk hanyar da ka bar mata.

7. Lissafa kuɗin

WireGuard da strongSwan da OpenVPN ta al'umma kyauta ne, amma aikin ba kyauta ba ne. Ka lissafa kuɗin adireshin bayyane ko hayar sabar gajimare na wata-wata, da kuɗin sunan da ma'aikata za su riƙa kira na shekara-shekara. OpenVPN Access Server, mai shafin sarrafawa, yana ba da haɗi biyu a lokaci guda kyauta, abin da ya haura ana biya bisa yawan masu shiga a tare. Tsare-tsaren da aka gina a kan WireGuard galibi bisa yawan mutane suke caji. Windows Server kuma yana da nasa lasisin da na masu amfani.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarfin aikawa na layin ofis, ba na saukewa ba, domin duk abin da ma'aikaci ya jawo daga sabar, ofis ne ke aika shi. Idan mutum goma sha biyar za su shiga a tare kuma ka ware wa kowanne megabit 2 a daƙiƙa, kana buƙatar megabit 30 na aikawa kafin a yi maganar masu zaune a ofis. Idan kuma rauta ce za ta ɗauki nauyin VPN ɗin, ka duba ko injinta yana da taimakon AES a jikinsa, wato hanyar rufa bayanan da OpenVPN da IKEv2 suka fi amfani da ita. Wadda ba ta da shi za ta sha wuya da OpenVPN ko IKEv2, amma ta yi abin kirki da WireGuard, saboda ChaCha20 ba ya buƙatar wannan taimakon.

8. Gwada daga inda mutanen suke

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi mutum uku ko huɗu daga takardar mataki na 1, waɗanda na'urorinsu da layukansu suka fi bambanta, su yi aikinsu na gaske da tsarin na mako guda. Gwaji daga cikin ofis ba gwaji ba ne. A gwada daga gida, daga datar waya, daga Wi-Fi ɗin baƙi. A rufe murfin kwamfuta a sake buɗewa, a fita daga Wi-Fi zuwa data ana tsakiyar aiki, a auna sauri da manhajar iperf3 tsakanin na'ura da sabar, ba da shafukan auna intanet ba.

Akwai wata alama da ya kamata ka gane ta da gani ɗaya. VPN ya haɗu, ping, wato ɗan saƙon gwada isa ga sabar, yana dawowa, ƙananan shafuka suna buɗewa, amma da an taɓa babban fayil ko an buɗe RDP sai allo ya daskare. Wannan girman ƙunshi ne, wato MTU. Layi na yau da kullum yana ɗaukar bayit 1500, WireGuard tana ɗora nata har bayit 80, shi ya sa asalin saitinta yake 1420, amma wasu layukan waya da na PPPoE ba su kai 1500 ɗin ba tun farko. A Windows ka buga ping -f -l 1392 da adireshin sabar na cikin bututu, kana rage lambar har sai amsa ta dawo, sannan ka ƙara 28 a kan lambar da ta yi aiki, ka sa ta a matsayin MTU. A OpenVPN umarnin mssfix ne ke wannan aikin. Idan kana cikin gaggawa, 1280 kusan ko'ina yana wucewa.

Gargaɗi: idan na'ura guda ta ƙi haɗuwa sauran suna lafiya, ka duba agogonta kafin komai. Takardun shaida da lambobin tabbatarwa duk da lokaci suke aiki, kuma WireGuard ma tana ƙin gaisuwar da lokacinta ya koma baya da wadda ta gabata.

9. Miƙa wa ma'aikata, ka cika kalanda

Fayil ɗin saiti yana ɗauke da mabuɗin sirri, don haka kada ya bi ta imel ko rukunin hira inda zai zauna har abada. Ga wayoyi, ka mayar da saitin WireGuard lambar QR da qrencode, mutum ya ɗauka daga allonka kana tsaye, ka rufe. Ga kwamfutoci, mafi kyau shi ne na'urar ta ƙirƙiri mabuɗinta da kanta, mai ita ya aiko maka da rabin da ake bayyanawa kawai. Ka rubuta musu shafi ɗaya mai hotuna: yadda ake kunnawa, yadda ake gane ya haɗu, abin da za a gwada idan ya ƙi, da wanda za a kira nan take idan na'ura ta ɓata.

Kafin ka tashi daga kan aikin, ka buɗe kalandar da ba kai kaɗai ke ganinta ba, ka sa tunatarwa wata guda kafin kowane wa'adi: jerin sokakkun takardu, takardun na'urori da Easy-RSA ke ba kwana 825, tushen hukumar shaida mai shekara 10, da takardar sabar, wadda idan ta hukumar ba da shaida ta Let's Encrypt ce sai ka tabbatar sabuntawar kai tsaye tana aiki kuma manhajar VPN tana ɗaukar sabuwar. Ka ƙara rana ɗaya a kowane wata uku ta kwatanta jerin mabuɗan da ke sabar da jerin ma'aikatan da ke bakin aiki, duk mabuɗin da ba shi da mai shi a goge shi. Mabuɗin sirrin hukumar shaida kuma ka cire shi daga sabar VPN ɗin, ka ajiye shi a na'urar da ba ta hawa intanet, tare da kwafi na biyu a hannun wani amintacce da ya san inda takardar mataki na 1 take.